Sifika Shida, Biyu Ke Magana: Yadda Ake Haɗa Kwamfutar Falo Da Kayan Sautin Silima

Gabatarwa

A gidaje da yawa yanzu kwamfuta ta tashi daga kan teburin karatu ta koma falo. Da ita ake kallon fim, da ita ake sauraron waƙa da lacca, da ita kuma ake kallon ƙwallo ta intanet. Sai dai sautin da 'yan sifikokin jikinta ke fitarwa bai taka kara ya karya ba, balle a ce fanka tana juyawa ko janaretan maƙwabta yana ruri. A cikin falon nan kuma sau da yawa za ka tarar da kayan sauti masu sifika shida, waɗanda aka saya tun lokacin da faifan DVD ke tashe. An daina sayen faifai, su kuma an bar su ƙura tana hawa. A wannan rubutu zan yi ƙoƙarin bayyana wa mai karatu yadda zai haɗa waɗannan abubuwa biyu, da kuma dalilin da ya sa mutane da yawa idan sun haɗa sai su ji sifika biyu kawai suna magana, sauran huɗun sun yi gum.

Kafin in shiga bayani akwai maganar suna. 'Yan kasuwa suna kiran waɗannan kaya hom tiyata. Duk ɗalibin Hausa kuwa ya san kalmar tiyata ta riga ta sami mazauni a harshen, wato ɗakin da likita ke yi wa majiyyaci aiki. Wanda ya ce ya sayo tiyatar gida, sai a tambaye shi wane ne ba lafiya. Saboda haka na zaɓi in ce kayan sautin silima na gida, ko kayan sauti a taƙaice. Akwatin da duk wayoyi ke komawa gare shi, mai karɓar sauti ya ƙara masa ƙarfi ya raba wa sifikoki, zan kira shi risiba. Babbar sifikar nan mai rugugi kuma ita ce wufa. Ramukan da ake soka waya a jikin na'ura zan ce musu kafofi.

Ma'anar 5.1

A jikin kwalin kayan za ka ga an rubuta 5.1. Biyar ɗin na nufin layukan sauti biyar masu zaman kansu: hagu da dama na gaba, tsakiya, sai hagu da dama na baya. Ɗayan da ke bayan ɗigo shi ne layin wufa, wanda ba ya ɗaukar komai sai sauti mai kauri irin tsawa da bugun babbar ganga, wato wanda kaɗawarsa ba ta wuce sau 120 a daƙiƙa ba. Kowane layi da aikinsa. Maganar 'yan wasa kusan dukkanta ta sifikar tsakiya take fitowa, kiɗa ya bi ta na gaba, su kuwa na baya su ke kawo ƙarar ruwan sama ko hayaniyar kasuwa ko motar da ta wuce ta bayanka.

Daga gidajen silima wannan tsari ya fito. Kamfanin Dolby, wanda Ray Dolby ya kafa a Landan a 1965, ya fito da Dolby Digital a fim ɗin Batman Returns na 1992, sannan DTS ya biyo baya da nasa a fim ɗin Jurassic Park na 1993. Faifan DVD ne ya kai su gidajen jama'a da yawa. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, waɗannan biyu hanyoyi ne na tattara layuka shida a matse su cikin ƙunshi guda, domin su shiga faifai ko su bi ta waya ɗaya. Idan ƙunshin ya isa, dole a sami na'urar da za ta kwance shi ta ba kowace sifika rabonta. Ko kwamfuta ta kwance kafin ta aika, ko ta aika a ƙunshe risiba ta kwance. Kowace waya kuma tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka. A ganina, duk ruɗanin da ake samu a wannan aiki daga waɗannan abubuwa biyu yake tasowa: wa ke kwancewa, kuma ta wace waya aka bi.

Duba Bayan Akwati Kafin Ka Je Kasuwa

Kayan sauti iri biyu ne. Akwai risiba mai zaman kanta, irin ta Yamaha ko Denon ko Onkyo, wadda bayanta cike yake da kafofin shigarwa. Akwai kuma wanda ya fi yawa a gidajenmu, wato akwati guda da aka haɗa na'urar DVD da amfilifaya a cikinsa, irin na LG ko Samsung ko Sony, ana sayar da shi tare da sifikokinsa a kwali ɗaya. Shi wannan an ƙera shi ne domin ya kunna faifan da aka saka masa, saboda haka ƙofofin da ya bar wa baƙo ba su da yawa.

Juya akwatin ka karanta abin da aka rubuta kusa da kowace kafa. IN na nufin mashiga, OUT na nufin mafita. Sauti daga mafitar kwamfuta yake fita ya shiga mashigar risiba, ba ya bin wata hanya sai wannan. Na jaddada haka ne saboda yawancin akwatunan DVD suna da kafar HDMI guda ɗaya, kuma mafita ce, aikinta aika hoto zuwa talabijin. Mutum zai ga kafar ta yi daidai da ta kwamfutarsa, ya soka waya, ya zauna yana jira. Ya haɗa baki da baki ke nan, babu kunne a tsakani. Haka kafar USB da ke gaban akwatin, filash kawai take karantawa, ba ta karɓar sauti daga kwamfuta.

Kafofi biyu ne nake gargaɗi a kansu. Na farko, maƙalan da wayoyin sifika ke fita daga cikinsu. Wuta ce mai ƙarfi ke fitowa ta nan, idan ta shiga kwamfuta za ta iya ƙona katin sautinta. Na biyu, kafar da aka rubuta wa PHONO a wasu risibobi. Ta garmaho ce, an yi ta ne domin sauti mai rauni ƙwarai, sautin kwamfuta ya fi ƙarfinta, abin da za ka ji kawai shi ne kwaramniya.

A ɓangaren kwamfuta, ta kan tebur tana da 'yan kafofi zagayayyu masu launi a bayanta. Koriya ce mafitar sauti, shuɗiya mashiga ce, mai ruwan hoda ta makirfo. Wasu suna da ƙarin baƙa da mai ruwan lemo, za mu zo kansu. Laftof kuwa yawanci kafar abin saurare na kunne guda ɗaya gare ta, sai HDMI, sababbi ma wasu sai USB-C kaɗai, wadda ake sa wa ɗan mahaɗi ta koma HDMI. Shuɗiyar kafar nan mai ramuka 15 da ake kira VGA hoto zalla take ɗauka. Wanda ya haɗa kwamfuta da talabijin ta VGA sai ya nemo wa sauti tasa wayar daban.

Shawarata ita ce ka ɗauki hoton bayan na'urorin biyu da wayar salularka kafin ka nufi kasuwar Alaba ko ta kwamfuta da ke Ikeja, ko duk inda ake sayar da irin waɗannan kaya a garinku. Nuna hoto ya fi dogon kwatance.

Wayar Ja Da Fari

Hanya mafi sauƙi ita ce wayar da ke da siririn kai na milimita 3.5 a gefe guda, da kawuna biyu ja da fari a ɗaya gefen. Siririn ya shiga koriyar kafa ko ta abin saurare, ja da farin su shiga inda aka rubuta AUX IN ko AUDIO IN, ja dama, fari hagu. Kafa mai ruwan ɗorawa da ke kusa da su ta hoto ce, a ƙyale ta. Sai ka danna maɓallin zaɓen mashiga a rimot har fuskar akwatin ta nuna AUX. Ka ɗaga ƙarar kwamfuta zuwa kamar kashi 80 cikin ɗari, ka riƙa ƙarawa da ragewa daga risiba. Idan ka bar ta kwamfuta ƙasa ka ƙure ta risiba, za ka ji wani huci yana bin sautin.

Wannan waya layi biyu take ɗauka, wato sitiriyo, ba ta wuce nan. Ko fim ɗin na da layi shida, kwamfuta za ta narkar da su su koma biyu kafin su fita. Ga dalili na farko da ke sa sifika huɗu su yi shiru.

Ana iya aika layi shida ta irin wannan waya idan an yi amfani da guda uku, amma sai kwamfuta tana da kafofin nan na ƙari, ita kuma risiba tana da rukunin kafofi shida da aka rubuta wa MULTI CH IN ko 5.1 CH IN. Koriya ta ɗauki na gaba biyu, baƙa ta ɗauki na baya biyu, mai ruwan lemo ta ɗauki tsakiya da wufa. A nan kwamfuta ce ke kwance ƙunshin. Idan ka ji maganar 'yan fim ta dushe kamar daga cikin rijiya take fitowa, tsakiya da wufa ne suka yi musaya, sai ka sauya wa kawunan nan biyu wuri. Mai laftof zai iya samun waɗannan kafofi ta hanyar sayen katin sauti na waje mai shiga USB. Sai dai risibobi da yawa na yanzu sun daina zuwa da rukunin kafofi shidan.

Wayar Haske

Idan ka ga wata 'yar kafa mai kusurwa huɗu da murfi, an rubuta OPTICAL ko DIGITAL IN, to ka yi sa'a. Kamfanin Toshiba ne ya fito da ita a 1983, shi ya sa ake kiran ta TOSLINK. Ba wutar lantarki ke bin wannan waya ba, jan haske ne, kana iya ganin sa a bakin wayar idan ka soka ɗaya gefen a kwamfuta mai aiki. Ka cire ɗan murfin roba da ke bakinta kafin ka soka, kuma kada ka lanƙwasa ta da ƙarfi, domin zaren da ke ciki yana karyewa. Tana da 'yar'uwa mai bin wayar tagulla, mai kai ɗaya, yawanci kafarta ruwan lemo ce an rubuta COAXIAL. Saƙon da suke ɗauka iri ɗaya ne, tsarin da Sony da Philips suka haɗu suka yi, mai suna S/PDIF.

A nan ne ya kamata a tsaya a fahimta da kyau. An tsara wannan hanya tun zamanin faifan CD, lokacin da layi biyu ne kawai ake buƙata. Faɗinta ya isa layi biyu a kwance, ko layi shida a ƙunshe, amma bai isa layi shida a kwance ba. Ka ɗauke ta kamar siririn lungu: mutum biyu za su jera su wuce, amma mutum shida ba za su jera ba, sai dai su ɗaure kayansu wuri guda a ɗora wa mutum ɗaya. Dolby Digital na faifan DVD bai wuce kilobit 448 a daƙiƙa ba, DTS kuma ya kan kai wajen 1,500, duka biyu suna shiga lungun.

Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne, fim ɗin da sautinsa ya riga ya zo a ƙunshin Dolby Digital ko DTS zai wuce lafiya, risiba ta kwance shi, sifika shida su amsa. Amma wasan kwamfuta, wanda ke ƙirƙirar sautinsa nan take, da duk fayil ɗin da kwamfuta ta kwance da kanta, layi biyu kawai za su fita. Maganin wannan shi ne katin sauti mai iya sake ƙunshewa nan take, ka nemi wanda aka rubuta wa Dolby Digital Live ko DTS Connect. Manhajar Kodi ma tana iya yin haka ga finafinan da take kunnawa. Wannan shi ne dalili na biyu na shirun sifikoki, kuma shi ya fi ɓata wa mutane rai, domin sun kashe kuɗi sun sayi waya mai tsada suna zaton magana ta ƙare.

HDMI

HDMI ta fito a ƙarshen 2002, kuma tun daga fitowarta tana iya ɗaukar layin sauti takwas a kwance tare da hoto a waya guda. Fasalin 1.3 na 2006 ya ƙara mata ɗaukar Dolby TrueHD da DTS-HD Master Audio, wato sautin faifan Blu-ray wanda ba a zubar da komai daga cikinsa ba. Duk wanda risibarsa ke da HDMI IN bai da dalilin neman wata hanya.

Yadda ake jerawa yana da muhimmanci: daga kwamfuta zuwa mashigar risiba, daga mafitar risiba zuwa talabijin. Dalili kuwa, da zarar an soka HDMI, kwamfuta tana tambayar na'urar da ke ɗaya gefen abin da za ta iya karɓa. Idan risiba ce ta amsa, za ta ce layi shida ko takwas. Idan talabijin ne ya amsa, sau da yawa zai ce biyu, tunda sifika biyu gare shi, ita kuma kwamfuta ba za ta yi gardama ba. Saboda wannan tambaya da amsa ne ya fi kyau a kunna talabijin da risiba tukuna, sannan kwamfuta.

To, mai akwatin DVD da ba shi da HDMI IN fa? Hanyarsa ta talabijin ce. Ya kai kwamfuta talabijin ta HDMI, sannan ya ɗauko sautin daga talabijin zuwa akwatin, ko dai ta wayar haske, ko ta abin da ake kira ARC. An shigo da ARC a fasalin 1.4 na 2009, kuma abin da ya yi shi ne ba sauti damar komowa ta cikin wayar HDMI ɗin da ke kai hoto talabijin. Sai dai dole kalmar ARC ta kasance a rubuce a kafar talabijin, akwatin ma ya san da ita. Iyakarsa ba ta da nisa da ta wayar haske. eARC, wanda ya zo da fasalin 2.1 a 2017, shi ne ya buɗe hanyar gaba ɗaya. A saitin sautin talabijin, inda ake zaɓen irin sautin da zai fita, idan an bar shi a PCM yawanci layi biyu za a samu, sai a mayar da shi Auto ko Pass-through. A kuma sani cewa akwai talabijin da dama da ke barin Dolby Digital ya wuce amma su tare DTS. Akwai kuma ɗan ƙaramin akwati da ake sayarwa, wanda ake sawa tsakanin kwamfuta da talabijin, ya zare sautin daga HDMI ya fitar da shi ta kafar haske.

Wayar HDMI ta mita biyu ko uku ba sai mai tsada ba. Lambobi take kaiwa, idan sun isa sun isa, ruwan zinare a bakinta ba ya ƙara wa sauti zaƙi. Idan nisan ya doshi mita goma ne ingancinta ke zama abin dubawa.

Bluetooth kuwa ba zan daɗe a kansa ba. Layi biyu yake ɗauka, kuma sautin yana makara, sai ka ga bakin ɗan wasa ya rufe kafin maganar ta ƙare. Ya yi wa waƙa, bai yi wa fim ba.

Saiti A Kwamfuta

Bayan waya sai saiti. A Windows 10 da 11, danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta mmsys.cpl, ka danna Enter. A shafin Playback za ka ga jerin duk mafitun sauti. Zaɓi risibarka ko talabijin, ka danna Set Default. Idan HDMI ko wayoyi uku ka bi, danna Configure, ka zaɓi 5.1, sannan Test. Za ka ji ƙararrawa tana zagayawa daga sifika zuwa sifika, hoton da ke fuskar kwamfuta yana nuna wadda ya kamata ta yi ƙara. Mutane da yawa ba sa zuwa nan, kwamfutar kuwa tana iya zama a sitiriyo har sai an gaya mata. Idan sunan risiba bai bayyana a jerin ba sam, a sabunta direban katin hoto, na Intel ne ko AMD ko NVIDIA, domin sautin HDMI ta katin hoto yake fita.

Mai wayar haske ba zai ga zaɓin 5.1 a nan ba, kuma ba lalacewa ba ce, maganar lungun nan ce. Shi Properties zai shiga, ya je Supported Formats, ya sa alama a Dolby Digital da DTS. Sannan ya gaya wa manhajar kallo, VLC ko Kodi, kada ta kwance ƙunshin, ta miƙa shi yadda yake. A saitin sautinsu ana kiran wannan passthrough. Ka rage ƙara kafin gwajin farko, domin idan ƙunshin ya faɗa hannun na'urar da ba ta san shi ba, tana iya yin shiru, tana kuma iya sakin wata ƙara mai tsaga kunne. Alamar nasara ita ce fuskar risiba ta nuna Dolby D ko DTS maimakon PCM. Daga lokacin maɓallin ƙarar kwamfuta ya daina aiki a kan fim ɗin, sai rimot ɗin risiba.

Idan baki da murya ba su daidaita ba, a VLC na Windows haruffan J da K suna matsar da sauti gaba ko baya, kowace dannawa kashi 50 cikin dubu na daƙiƙa.

Idan Asalin Sautin Layi Biyu Ne

Wani lokaci waya daidai, saiti daidai, amma na baya shiru. Sai a duba abin da ake kunnawa. Waƙoƙin MP3 sitiriyo ne. Mafi yawan abin da ke YouTube sitiriyo ne. Finafinanmu na gida da suka fito a faifan VCD, na Kano ne ko na Legas, layi biyu ne iyakarsu, domin tsarin VCD bai ɗaukar fiye da haka. Abin da ba a zuba a tukunya ba, ba za a kwashe shi a akushi ba.

Risiba tana da dabarar cike gurbin. Dolby Pro Logic II, wanda ya fito a 2000, yana sauraron layin hagu da na dama, abin da ya zo iri ɗaya a cikinsu ya tura shi tsakiya, abin da ya saɓa ya tura shi baya. Ga fim ni na fi son wannan, domin yana tattara magana wuri guda ta fito sarai. Akwai kuma tsarin da ke maimaita layi biyun a duk sifikoki, wanda ya dace da ranar suna ko biki da falo ya cika. Ga lacca ko labarai kuwa, barin su a sifika biyu ya fi daɗin saurare.

Jera Sifikoki

Na sha shiga falo na tarar da sifikoki biyar an jera su reras a kan kanta ƙarƙashin talabijin kamar kayan ado. Wannan asarar kuɗi ce. Ƙa'idar da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta shimfiɗa ita ce ta tsakiya ta fuskanci mai kallo kai tsaye, na gaba su buɗe digiri 30 hagu da dama, na baya kuma digiri 100 zuwa 120. Ba sai ka nemo ma'aunin kusurwa ba. Ka sa tazarar da ke tsakanin na gaba biyu ta yi daidai da tazarar kowace zuwa kujerarka. Na baya kuma a gefen kafaɗunka, su ɗan ja baya kaɗan. Tunda kujerun falonmu jikin bango ake jingina su, sai a rataye su a bangon gefe, sama da kai kaɗan, suna kallon juna.

Wufa ba ta da zaɓen wuri sosai, domin kunne ba ya saurin gane inda sauti mai kauri ke fitowa. A kusurwar ɗaki rugugi yana ƙaruwa, wani lokaci har ya yi yawa ya danne magana. Akwai dabara mai ban dariya amma tana aiki: ɗora wufar a kan kujerar da kake zama, kunna waƙa mai ganga, ka bi gefen bango a durƙushe kana saurare. Inda ka ji bugun ya fi fita tsaf, nan ne mazauninta. Falo mai tayil da bango tsirara yana amsa kuwwa, kafet da labule masu kauri suna rage wannan fiye da duk wani maɓalli.

Wajen ɗaura wayar sifika, ja ga ja, baƙi ga baƙi. Idan aka juya ta guda ɗaya ba abin da zai ƙone, amma ita za ta riƙa turawa lokacin da 'yar'uwarta ke ja, kaurin sautin ya zube. A kula kada silin tagulla ko ɗaya ya taɓa maƙwabcinsa. Idan risiba tana da wurin shigar da nisan kowace sifika, a auna a shigar. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, saboda haka sifikar da ta fi kusa da kai da mita ɗaya tana riga sauran isowa da kusan kashi uku cikin dubu na daƙiƙa, risiba ce ke ɗan riƙe ta su iso tare. Ƙananan sifikoki kuma a saita su a Small, domin kaurin da ya fi ƙarfinsu, daga kaɗawa 80 zuwa ƙasa, ko 120 ga 'yan mitsi-mitsi, ya koma wa wufa.

Sifikokin da ke zuwa da akwatin DVD sau da yawa om 3 ko 4 ne, alhali risibobi masu zaman kansu yawanci om 6 zuwa sama suke so. Haɗa su yana sa risiba ta yi zafi ta riƙa kashe kanta. Adadin yana rubuce a bayan kowace. Dubban wat ɗin nan da ake bugawa da manyan haruffa a kwali tare da PMPO kuwa, ba girin-girin ba, ta yi mai. Adadin RMS shi ne abin dubawa.

Maganar Wuta

Wutar Nijeriya bolt 230 ce, mai kaɗawa 50 a daƙiƙa. Ta Amurka bolt 120 ce, ta Japan 100. Risibobin gwanjo da aka shigo da su daga can suna da kyau da araha, amma ka karanta rubutun da ke kusa da wayar wutarsu. Idan 120 kaɗai aka rubuta, sai da tiransifoma mai rage wuta, wadda ƙarfinta ya zarce abin da risibar ke ci. Soka ta kai tsaye sau ɗaya ya isa ya gama da ita. Sitabilaiza da abin kare kaya daga tsallen wuta ba ƙawa ba ne a ƙasar da wuta ke zuwa yadda ta ga dama. Idan za a juya daga wutar gari zuwa janareta, a kashe risiba tukuna, kuma kullum ita ce ta ƙarshen kunnuwa idan ta wayar ja da fari aka bi, ita ce ta farkon mutuwa, don kada bugun da kwamfuta ke yi wajen tashi ya doki sifikoki. A bar mata sarari ta sama ta sha iska, kada a ɗora mata dikoda ko a lulluɓe ta da ƙyallen ado.

Saura gurnani. Wani lokaci da ka haɗa wayar ja da fari sai ka ji wani ƙugi mara yankewa, ko ba a kunna komai ba. Kaɗawar nan 50 ta wutar gida ce ta sami hanya ta shiga sauti, yawanci saboda na'urorin biyu suna shan wuta daga soket daban-daban, 'yar wutar da ta bambanta tsakaninsu ta bi ta wayar sauti. Gwajin ba wuya. Zare cajar laftof, idan ƙugin ya tsaya ka gano ɓarawon. Idan bai tsaya ba, zare wayar eriya ko ta dish daga talabijin ka ji. Mayar da kwamfuta da talabijin da risiba kan jonin wuta guda yana maganin abin sau da yawa, idan ya ƙi akwai ɗan abin raba wuta da ake sawa a tsakiyar wayar sautin. Wasu masu gyara za su ce a karya dogon ƙarfe na uku na fulogi. Ƙugin yana iya tsayawa, amma ƙarfen nan shi ne ke kai wuta ƙasa ranar da ta ɓalle ta hau jikin akwati, kada a yarda a taɓa shi. Idan na'urorin biyu suna da kafar haske, a koma kanta, tunda babu tagulla a cikin wayar balle wuta ta bi.